Ganyen Magaryar Hanne

Tun ranar da aka dawo da Malam Bubayero daga asibiti a Kano ya daina yarda da kowa a gidansa. Dama can ba mutum ba ne mai saurin yarda. Tsohon makiyayi ne da ya sayar da yawancin shanunsa ya zauna noma a Toranke, kuma irin mutanen nan ne da in ka yi musu sannu sau biyu sai su fara tunanin abin da kake nema a wurinsu. Amma a wannan karon yana da hujja, ko kuwa dai shi yana ganin yana da ita.

A gona ya faɗi lokacin girbin gero. Jiri ne ya kwashe shi, bai farka ba sai a gadon asibiti, babban ɗansa Muhammad Bashir mai aiki a Kano yana tsaye a kansa, matarsa Hanne tana zaune a kan tabarma a gefe. Ya warware da wuri, har ma'aikatan jinya suna yi masa barkwanci wai ya fi su ƙarfi. Sai ana gobe za a sallame shi ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Daga inda yake kwance yana hango baranda. Ya ga wani likita ya shiga ɗaki da Hanne da yaron, aka turo ƙofa, suka daɗe a ciki. Da suka fito idanun Muhammad Bashir sun yi ja wur, ita kuwa Hanne fuskarta a sake kamar wadda ta dawo daga gidan barka.

"Me ya ce muku?" Bubayero ya tambaya.

"Hawan jini ne kawai, Baffa," in ji yaron, yana kallon bango. "Ka rage gishiri, ka riƙa shan magani a kan lokaci."

Bubayero bai taɓa jin inda hawan jinin uba ya sa ƙaton magidanci mai 'ya'ya kuka ba. Ya ajiye maganar a ransa.

Da suka dawo Toranke sai abubuwa suka yi ta taruwa. Muhammad Bashir, wanda a da sai salla da salla ake ganinsa, ya koma zuwa duk ƙarshen mako da ledar lemo da gwangwanin madara, kuma daga gaisuwa sai ya wuce ɗakin uwarsa su yi ta magana ƙasa-ƙasa. Zuhra, autarsu da ke aure a Kademi, ta zo ganin gida da ƙatuwar jaka, ta zauna daram, mijinta bai biyo sawu ba, ba kuma wanda ya ce yaji ta yi. In Bubayero ya yi gyaran murya a bakin zaure, sai hira ta mutu murus a tsakar gida. Hanne ta fito da tsofaffin tabarmi ta gyara bakinsu, ta sa aka share rumfar bayan ɗaki, ta jiƙa ɓawon aduwa ta buga shi ya yi kumfa ta wanke duk fararen rigunansa ta ninke a akwati. Wa ake jira da za a shimfiɗa wa tabarmi haka? Har furarsa ta canza. Ya kurɓa ya ji ba hannun da ya sani ba ne, ya tambaya, aka ce ai Zuhra ce ta dama, Inna ke koya mata. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Wato tun yana numfashi an fara miƙa hidimarsa ga wasu.

Duk wannan da ya iya haɗiyewa. Abin da ya tsinka masa zuciya shi ne ganyen magarya.

Kowa a Toranke ya san Hanne ce mai wankan gawar mata. Daga kakarta ta gada, kuma har yau ba ta yarda da sabulun kanti a wannan aiki ba, ta ce ba ta san da kitsen me aka yi shi ba, ga ƙamshinsa mai hawa kai. Ita magarya ta sani. Takan tsinko ganyen, ta daka, ta zuba a ƙwaryar ruwa ta buga da hannu har farar kumfa ta taso a kan koren ruwa mai santsi, wanda ke fitar da dauɗa da maiƙo ya bar fata sumul. Takan ce Allah ya ajiye wa talaka sabulunsa a daji tun kafin a san kanti: aduwa ta tufafi, magarya ta jikin ɗan Adam. Kuma ba ta taɓa ajiye ganyen a gida ba. Sai an aiko an yi rasuwa, ko an ce wance tana kan gargara, sannan take ɗaukar mayafi ta nufi bakin fadama inda magaryar take. Saboda haka matan unguwa in sun hango ta da ganyen a hannu sukan tsaya su yi salati, su tambayi wace ce.

To, ranar nan Bubayero ya dawo daga sallar azahar ya tarar da ganyen magarya shanye a kan tabarma a tsakiyar gidansa, ba ɗan kaɗan ba, wanda zai cika kwando. Ya tsaya ya bi gidajen unguwa a zuciyarsa ɗaya bayan ɗaya, bai tuna da mace ko ɗaya da ke kwance ba.

"Innarsu," ya kira ta, don shi bai saba kama sunanta ba. "Rasuwa aka yi?"

"Ba a yi ba, Malam."

"To wannan fa?"

"Ajiya ce. Rani na tafe, ganye zai zube, abin da ya rage awaki su cinye."

"Yau aka fara rani a duniya?"

Ta yi ɗan murmushi ta ci gaba da baza ganyen da yatsunta. Wannan murmushin ya fi komai ba shi haushi, don ya san shi. Shi take yi wa dangin mara lafiya in sun tambaye ta ko akwai sauran fata.

Bubayero ba ya tsoron mutuwa, ko kuwa dai haka yake gaya wa kansa. Ya kwana a daji da kuraye, ya binne iyayensa da 'ya'ya biyu. Abin da ba zai iya ɗauka ba shi ne a san ranarsa ta matso a ɓoye masa, a riƙa lallaɓa shi kamar yaron goye ana yi masa shiri a bayan idonsa. In tafiya ce, yana da mutanen da zai nemi gafararsu, yana da maganar gona da zai bar wa yara a fili. Kullum ya tashi sai ya lalubi jikinsa, ya ɗaga hannu ya sauke, ya saurari bugun ƙirjinsa. Ba ya jin komai sai lafiya, kuma wannan ma bai kwantar masa da hankali ba. Ai ya sha ganin bijimi mai ƙiba yana kiwo da safe, kafin la'asar ana feɗe shi.

Ya yanke shawarar ya bi ta wajen Kabo. Kabo abokinsa ne tun suna samari, kuma shi ke wanke mazan unguwar in an yi rashi. In dai ana shirya masa wanka, to lalle an taɓa wa Kabo maganar. Ya same shi a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci yana tufkar igiya, ya zauna, suka taɓa hirar wake da tsadar taki, sannan ya jefa tambayar kamar da wasa.

"Mutanen gidana ba su zo maka da wata magana ba kwanan nan?"

"Wace iri?"

"Kowace iri."

Kabo ya ɗan yi tunani. "Babu. Illa dai rannan uwargida ta aiko Zuhra tana tambayar wurin wanda nake sayen kafur a kasuwar Gaya, wai tana son mai kyau, ba gauraye ba. Na kwatanta mata."

Kafur, wanda ake sa wa a ruwan ƙarshe na wankan mamaci. Bubayero ya ƙura wa abokinsa ido yana neman alamar ko ya san fiye da abin da ya faɗa. Kabo bai ɗago daga igiyarsa ba. Da can ma haka yake in yana tufka, amma yau Bubayero ya fassara shi da cewa ya kasa haɗa ido da shi.

"Kai ma da kai a ciki ke nan," ya ce, ya karkaɗe rigarsa ya tashi.

"A cikin me?" Kabo ya bi shi da kallo baki buɗe. Bubayero ya yi tafiyarsa.

Ranar kasuwar Gaya ya ce zai je duba farashin wake, ya hau ɗan acaɓa shi kaɗai. Bai ko leƙa 'yan wake ba. Ya nemi wani kemis a can cikin lungu inda yake ganin ba wanda ya san shi, ya ce a auna shi. Mai kemis ɗin ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya matsa, ya duba.

"Baba, jininka lafiya lau. Ka ci gaba da shan maganinka kawai."

"Ka duba da kyau. Kada ka ji nauyina, in akwai wani abu ka faɗa."

"Wallahi babu komai, Baba. Ni ma da zan samu irin wannan ai na gode Allah."

Da wani ne, da ya tafi gida da farin ciki. Bubayero kuwa ya lura cewa kafin mutumin ya auna shi sai da ya duba wayarsa. Muhammad Bashir a Gaya ya yi sakandare, abokansa sun cika garin, wa ya san wanda ya hango shi yana sauka daga babur ya buga waya Kano? Ya biya, ya fito ransa a jagule fiye da yadda ya shiga.

Da ya iso gida tun daga zaure ya jiyo ƙarar turmi. Zuhra ce ke dakan busasshen ganyen, Hanne na zaune a kujera 'yar tsugune tana tankaɗewa da rariya, koren gari yana taruwa a faifai. A gefenta ga wani ɗan ƙulli a farin ƙyalle, ƙamshin kafur yana tashi daga cikinsa har ya rufe warin garken awaki. Suna ganinsa Zuhra ta yi sauri ta ja gefen zaninta ta rufe ƙullin.

Nan haƙurin Bubayero ya ƙare. Ya sunkuya ya ɗauki faifan garin da ragowar ganyen da ke kan tabarma, ya nufi garke ya watsa wa awaki. Suka yi caa a kai. Ya dawo yana huci.

"Gaggawar me kike yi?" ya ce da Hanne. "Ki bari in mutu mana tukuna! Magaryar guduwa za ta yi? Kin gyara tabarmin 'yan zaman makoki, kin wanke kayana kin kulle, kin sayi kafur, saura me? Ko ramin ma kun sa an haƙa? Shekara da shekaru muna tare, ashe ban kai ki dube ni ki gaya mini gaskiya ba. Kin gaji da ni ne, ki faɗa!"

Tun da suka yi aure bai taɓa ɗaga mata murya a gaban 'ya'ya ba. Zuhra ta saki taɓarya ta fashe da kuka.

"Baffa, wallahi ba ka san..."

"Zuhra!" Hanne ta katse ta da kakkausar murya. Yarinyar ta toshe bakinta da mayafi ta shige ɗaki.

Hanne ta dubi garken, inda awaki ke lashe aikin da ta yi kwanaki tana yi, sannan ta dube shi. Ba ta yi fushi ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Allah ya huci zuciyarka, Malam," ta ce. "Ka shiga ka huta, kada jininka ya hau."

Wannan ya gama tabbatar masa. Akwai abin da Zuhra ta sani, uwarta ta hana ta faɗa. Ya ƙi cin tuwon ranar, ya ce ba ya jin yunwa, ya kwanta yana jin tausayin kansa kamar maraya.

Washegari bayan ya dawo daga sallar asuba ya tarar ba sa nan su biyun. Sai da rana ta ɗaga suka shigo, Zuhra ɗauke da ɗanyen ganyen magarya a ƙulle cikin zani, Hanne a bayanta tana tafe a hankali, hannuwanta duk ƙarzunan ƙaya. Ta zauna a kan turmi tana mayar da numfashi. Wato ko kwana ɗaya ba za su iya jira ba. To lalle abin ya matso ƙwarai.

Ya ɗauki fartanya ya rataya, ya ce zai je gona sai azahar. Ya fita ta zaure yadda kowa zai gan shi, ya bi hanyar gona har ya wuce rijiya, sannan ya zagayo ta bayan gari. A bayan gidansa akwai wata kafa a jikin danga inda awaki ke bi. Dattijo mai furfura, wanda ake ba wa sahun gaba a masallaci, ya tattare riga ya rarrafa ta kafar awaki ya shiga gidansa kamar ɓarawo. Ya laɓe a bayan zanan da ya kewaye rumfar bayan ɗakin Hanne, ya sa ido a wata 'yar ɓula.

Hanne na kwance a kan tabarma a miƙe, an lulluɓe ta da zani daga ƙirji zuwa ƙafa. Zuhra na durƙushe a gefenta, ga ƙwarya cike da ruwan magarya, kumfa ta taso fari fat har tana zuba ta baki.

"Kin ga yadda ta tashi, haka ake so," Hanne ke cewa. "In ba ta yi kumfa ba, ba ki buga sosai ba. Ki fara da niyya. Ki naɗe hannunki da ƙyalle, ba a taɓa tsiraicin mutum da hannu tsirara ko ya mutu. Sai alwala. Sannan ɓangaren dama kafin hagu. Ruwan magarya, sai ruwa zalla, na kafur shi ne na ƙarshe. Kuma a hankali ake juya mutum, kamar yana ji."

Koya mata take yi. To amma ina aka taɓa yin haka, 'ya ta wanke ubanta, alhali ga maza a gari, ga Kabo? Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji ta ci gaba.

"Sai kai. Ki tsefe kitson duka, ki wanke da kumfar, ki taje. Gashina ya ragu yanzu, amma zai kamu gida uku in kin bi a sannu. Ki mayar da su baya."

"Inna, don Allah ki bari," Zuhra ta ce cikin kuka. "Ba zan iya ba."

"Za ki iya. Na wanke matan garin nan ban san iyakarsu ba, ban taɓa samun wadda ta yarda ta tsaya ta koya ba, kowa tsoro. Ba zan yarda a zo a goge ni da sabulun kanti a gurguje ba. Share hawayenki ki saurara. In kin zo nan ɓangaren hagu, kada ki firgita da abin da za ki gani. Kada ki danna. Ki zuba ruwan kawai ya bi ta kai, ki rufe. Kuma kada ki bar kowa ya leƙa, ba na so a fita da labarin jikina."

Fartanyar ta zame daga kafaɗar Bubayero ta faɗi. Bai ji ƙararta ba. Ta cikin 'yar ɓular nan ya ga matarsa kamar yau ya fara ganinta: wuyan hannun da ya zama kamar sillen kara, awarwaron da ya zame har kusa da gwiwar hannu, ƙasusuwan wuya a fili, idanu sun faɗa. Mutumin da a da yake gane saniya mara lafiya daga nesa ta yadda take ɗaga ƙafa, ya yi makonni yana bin kowa da ido a gidan nan, yana lura da wanda ya yi raɗa da wanda ya kau da kai, amma bai ga matarsa na ƙarewa a gabansa ba, don kansa kawai yake dubawa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, har ya rasa wanne ya fi nauyi.

Ya zagayo ya shiga rumfar. Zuhra ta miƙe a firgice. Hanne ta yunƙura za ta tashi, ta kasa a karon farko, sai da ta dafa ƙasa.

"Je ki ɗaki, Zuhra," ya ce a hankali.

Ya zauna a ƙasa a bakin tabarmar, abin da bai taɓa yi ba. Kumfar da ke cikin ƙwarya tana ta kwanciya da kaɗan-kaɗan.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"An daɗe. Tun bara nake jin ƙullutu a nono, ina shafa magani ina cewa zai baje. Da muka je jinyarka yaron nan ya ga ina cije baki in na ɗaga hannu, ya matsa sai an duba ni. Suka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu. Sun ce ko an yi aiki wahala ce kawai za a ƙara mini. Na ce a mayar da ni ɗakina."

"Shi ne kuka ɓoye mini."

"Ni na hana su. Likita ya ce jijiyar kanka ba za ta ɗauki tashin hankali ba, in ka sake faɗuwa ba lalle ka tashi ba. Na ce a bari ka ƙara ƙarfi. Kullum sai in ce gobe zan gaya maka, in na ga fuskarka sai in kasa."

"Ni kuwa ina nan ina zarginki. Jiya har na ce kin gaji da ni." Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, don girman Allah."

"Na yafe tun jiyan. Ai har dariya ka so ba ni. Ka taɓa ganin inda aka sayi kafur don mutumin da ke cinye malmala uku?"

Ya so ya yi dariyar, sai hawaye suka zo a maimakonta. Bai goge ba, ya bar su suna bin gemunsa. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi ɗanyen ganyen da ya rage a turmi, sannan ya dubi ƙofar ɗakin da Zuhra ta shiga, inda ake jiyo shessheƙarta.

"Yarinyar nan ba za ta iya ita kaɗai ba," ya ce. "Malamai sun ce miji na iya wanke matarsa, har ma ya fi kowa cancanta. Koya mini."

Hanne ta zuba masa ido. "Malam, ba a saba gani ba a garin nan. Za a yi da kai."

"A yi."

"Kuma ba ka iya kitso ba."

"Ita ta yi kitson. Ni in yi sauran."

Tana kallonsa sai ga nata idon ya cika, karo na farko tun daga asibiti. Ta kau da kai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta nuna masa wata ƙwarya da ke jingine a jikin zana.

"Ɗauraye waccan ka ɗebo ruwa rabi. Ka kawo dakakken ganyen nan cikin tafi biyu."

Ya tashi ya yi yadda ta ce. Ya zuba ganyen a ruwan, ya nannaɗe hannun riga, ya shiga juyawa da ƙarfi kamar mai dama wa shanu dusa. Ruwan ya yi kore, yana fantsama a rigarsa, amma kumfa ko ɗigo ba ta taso ba.

"Ba haka ba," in ji Hanne. "Kai komai sai ka sa ƙarfi. Ware yatsunka, ka riƙa ɗago ruwan kana bugawa, iska ta shiga."

Ya sake gwadawa. Ta matso ta kama wuyan hannunsa da yatsunta marasa nauyi, ta riƙa kaɗa masa sama da ƙasa, har 'yan ƙananan kumfa suka fara taruwa a gefen ƙwaryar. Sannan ta sake shi ta jingina da ginshiƙin rumfa tana haki.

"Zubar ka sake daga farko, kai kaɗai," ta ce. "Ka iya shi da kyau, Malam, don ranar ba zan iya gyara maka ba."

Ya zubar, ya ɗebo wani ruwan.